Garin da Kuo Ya Musanya

Shekara biyu ke nan dattijo Kuo, manomin gyaɗa a yankin Yunlin, yana shan garin saiwa na maganin gwiwa da yake saya wurin Liao, amininsa da suke sharar haikalin ƙauye tare. Cokali ɗaya, ciwo ya tafi kamar an cire ƙaya.

Wannan saurin ne bai kwanta wa 'yarsa Pei-shan a rai ba. A jami'a take aiki, inda suke ƙera wani ɗan falle kamar farce, an shafe shi da ƙurar zinariya wadda ido ba ya gani. Da an ɗiga masa ruwa, in da maganin kashe zafi na asibiti a ciki, sai layi ya yi tsalle a fuskar wayar da aka haɗa shi da ita.

"Baba, saiwar da ke aiki cikin minti goma ban yarda da ita ba. Ba ni kaɗan in gwada."

"Au, karatun ya kai ki ga zargin Liao? Mutumin da ya ɗauki akwatin gawar uwarki?"

Shi Kuo nasa zargin daban ne. Gani yake so take ta raba shi da gona ta ja shi birni. Kuma in falle ya yi ƙarya, da wane ido zai dubi Liao? Tsoho da taurin kai, sai ya shiga ɗaki ya ƙullo mata garin citta da dakakken ganyen shayi a madadin maganin.

Ta jiƙa, ta ɗiga, layi ko motsi. Sau uku tana maimaitawa, sannan ta sunkuyar da kai ta ba shi haƙuri.

"Ba na faɗa miki ba?" in ji shi, har da dariya.

Bayan wata bakwai ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ɗauke. Likita ya ce ƙodarsa duka biyun sun daina aiki. Pei-shan ta zaro gwangwanin maganin daga ƙarƙashin gado ta gwada a gabansa. Layi ya yi sama kamar zai fice daga wayar: ashe garin cike yake da maganin kashe zafi, mai cinye ƙoda in an daɗe ana sha.

"Baba, wane gari ka ba ni ran nan?"

Yanzu sau uku a mako ake yi masa wankin jini, ciyawa ta cinye gonar, Liao kuwa ko leƙe.

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk maganin da ba ku san abin da ke cikinsa ba, ku kai shi a gwada, shi ɗin dai, ba wani ba. Jin nauyin aboki ba ya maido da ƙoda.