Abin da Ke Bayan Murjanin

Vedrana ta ɓullo saman teku tana huci, ta tofar da robar numfashi.

"Baba Frane, ina mijin nan nawa? Ya sake barina a ƙasan ruwa, ko?"

Tsohon matuƙin ya jawo ta cikin jirgi. "Zlatko? Ai bai fito ba, 'yata. Ba tare kuka nutsa ba?"

"Tare mana! Ka san halinsa, da na tsaya ɗaukar hoto sai ya yi gaba abinsa. Yau kam sai ya gane kurensa."

Frane bai yi dariya ba. Ya zuba wa ruwan ido, ko kumfa babu. "Iskar tukunyar numfashin da ya goya ba za ta kawo yanzu ba. A ina kika rabu da shi?"

"Na rantse tun da na sami jan murjanin nan ban sake ganinsa ba."

Ta kunna kyamara, ko hotunan za su nuna wurin. Ga murjanin nan ja jawur, irin hoton da ta daɗe tana nema. Sai ta lura da wata inuwa a bayansa, ta ƙara wa hoton girma.

Zlatko ne. Tsohon tarun masunta ya naɗe masa ƙafa, yana kallonta, yana gitta hannu a maƙogwaro, alamar iskarsa ta ƙare.

Ta matsa na gaba, yana nan. Na gaba ma yana nan.

A hoton ƙarshe, wanda ya fi duka kyau, hannun ya sauka.