Take Sittin da Biyu

"Baba, don Allah ka daina gunaguni, muryarka tana ɓata min sauti," in ji ɗan.

Tsohon ya dube shi, kalangu a hammata. "Ba gunaguni nake yi ba. Abin da kalangun ke faɗa nake maimaitawa."

Ɗan ya danna maɓallin naɗa. "To ka maimaita a zuci."

Ai ba da wasa ya mayar da ɗakinsa na Madalla situdiyo ba. Ya manna soso a bango, ya karaɗe shagunan Abuja har ya samo makirufon da ko yatsa ya goga fatar kalangu sai ya kama. Gunagunin tsoho ba zai lalata masa wannan aiki ba.

Tsohon ya ja bakinsa ya tsuke. Sati uku yana kaɗa taken mahautan Suleja, take sittin da biyu, kowanne da mai shi, kowanne da maganarsa.

Bayan sadakar arba'in ɗin tsohon, wata mata ta yi sallama. "An ce ka naɗi taken kakana. Wanne ne? Me yake cewa?"

Ya kunna mata. Sauti ya fito tas, ko numfashi babu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙure ƙara, yana neman ko wata kalma guda ta suɓuce wa tsohon.

A farkon take na farko kaɗai ya sami muryar mutum, kuma tasa ce: "To ka maimaita a zuci."