Shatin Yatsanta a Gindin Murjani

"Saura wancan, Baba," in ji 'yarsa, tana nuna murjanin teku mai rai da ke tsakiyar tankin gilashi.

"Wancan lafiyarsa ƙalau."

"Mako bakwai ke nan kana faɗin haka. Ko tsutsotsin sun yi maka rantsuwa ne ba za su taɓa shi ba?"

Tsohon ya ci gaba da aikinsa. Kowace Asabar sai ya ɗebo ruwa daga tekun garin Tema, ya ciro rassan murjani masu rai ɗaya bayan ɗaya ya tsoma a magani, tsutsotsin da ke cin su su zube kamar dusa. Kafin wata Asabar sun dawo, domin maganin manya yake kashewa, ba ya taɓa ƙwai. Bayansa ya ƙage, dokununsa, wato tuwon masara, kullum a faranti yake hucewa. Murjani guda ɗaya ne bai taɓa ɗagawa ba, wanda marigayiya matarsa ta liƙa a tankin da hannunta.

"Ni dai na gaji," ya ce. "Ciro shi."

Ta ciro, ta juya gindin. A jikin busasshen danƙon liƙin ga shatin babban yatsan mahaifiyarta, kowane layi ya fito raɗau. Cikin layukan kuwa ƙwai ne danƙam.

"Sai an datse gindin nan an yar, Baba. In ba haka ba, duk za su mutu."

Ya ɗora babban yatsansa a kan shatin, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya miƙa ɗaya hannun.

"Ba ni filayar. Ba ke za ki yanke ba."