Rigar da Osla Ta Saƙa

"Da wannan aka gane gawar mijina Erlend," in ji tsohuwa Osla, tana miƙo mini rigar sanyi. "Ruwan teku ya cinye fuskarsa, amma na san saƙata."

Labaran garinmu muke tattarawa don wasan kwaikwayo. Shekara arba'in Osla tana share kabarin mijin nata.

Tsoho Magnus, mai gigin tsufa, ya shafa rigar yana murmushi.

"Allah sarki, Erlend! Ai shi ya bai wa ƙanena rigar nan ran nan."

"Rufe mana baki!" in ji Osla. "Ƙanenka ai Kanada ya gudu."

"A'a, Osla. Ƙanena ne ya fita kamun kifi. Erlend ne ya hau jirgin Kanada. Ya ce kar in gaya miki."