Yatsa Biyu Tsakanin Kumfa da Kwano

Kafintan ya sa hannu ya ɓamɓaro allon kumfa na farko da Orfelina ta cusa tsakanin katakan rufi, ruwa ya biyo shi har gwiwar hannu. Ya ɓamɓaro na biyu da na uku, duk sun jiƙe ta baya. Kwana huɗu ta yi a kan tsani tana fama da su ita kaɗai.

Bai yi mata faɗa ba. Ya dai nuna mata ta manna kumfar a jikin kwano, shi kuwa kwano in sanyi ya buge shi ta waje, ɗumin murhu ya taso masa ta ciki, zufa yake yi. Dole a bar masa wurin shan iska, in ba haka ba katakon ruɓewa zai yi.

"Yatsa biyu, uwargida. Nawa fa, ba naki ba."

Ta ce to, maestro, yadda ake kiran gwanin sana'a a garin.

Ranar Lahadi ɗanta Erasmo zai iso garinsu, Coyhaique. Sanyin bara ya kwantar da mahaifinsa sati uku da ciwon huhu a wannan ɗakin na sama, inda rufi ya gangaro har yana taɓa kan gado. Erasmo ya gaya mata a waya, ba da wasa ba: in ya zo ya tarar ɗakin yana ɗiga, zai tafi da tsohon gidan kula da tsofaffi a Puerto Montt, har gado ya samo masa. Ta roƙe shi har muryarta ta dushe. Abin da ta samu kawai shi ne ya aiko mata da fararen allunan busasshiyar kumfa masu tare sanyi guda ashirin da huɗu. Wanda zai sa su kuwa, a watan Mayu, da sanyi ke kunno kai a ƙasar, kowane kafinta a gari yana kan rufin wani.

Yau Laraba. Wannan ɗin shi Allah ya ba ta, tsoho ne, hannunsa na rawa in ya ɗauki kofi, amma ba ya rawa in ya riƙe zarto.

Ta miƙa masa tef ɗin awo, ya ture. Da taƙi yake aunawa, wani lokacin ma ba ya aunawar. Zai dubi gurbi, ya sunkuya ya yanka, ya ɗaga allon, ya shige daram kamar a can aka haife shi. Katakon da ya ratsa bakin ƙofa, wanda duk baƙo sai ya gwara goshi da shi, shi kam ya sunkuyar da kai yana ta zancensa ya wuce.

Ya yi ta mitar wanda ya kafa rufin. Wai kowane gurbi da faɗinsa, wani taƙi uku, wani uku da yatsa huɗu, mutumin ko dai a buge yake ko kuwa sauri yake ya yi aure.

"Shekara arba'in da ɗaya ina gaya masa haka," in ji Orfelina.

Da rana ta hau masa da shayin mate da burodi mai zafi. Ta shafa man shanu da kauri a gefe ɗaya, inda ta ɓoye ƙwayar magani, ta tsaya har ya haɗiye wannan lomar. Karen gidan ya kwanta a kan takalminsa. Ya tambaye ta ina maigidan, bai ji motsinsa ba. Ta ce ba shi da lafiya. Ya cire hula ya ce Allah ya ba shi sauƙi. Ta amsa da amin a hankali.

Alhamis ya sa bakwai. Juma'a ya sa biyu, sai ya tsaya da zarto a hannu yana kallon dusar ƙanƙarar da ta fara sauka a kan duwatsu. Ba irin mutumin da ake hanzartawa ba ne. Ta taɓa gwadawa. Ta zauna a matakala ta ciro carbinta, tana ja tana ƙirga guraben da suka rage. Tara. Ba ta iya yankawa, ba ta da wanda za ta kira. Ta gaya wa Allah ita dai ba ta da dabara, sai abin da ya yi.

Asabar da la'asar allon ƙarshe ya shiga. Ya toshe bakin kowanne, ya sa kunne ya saurari iska tana wucewa ta bayansu. Orfelina ta ƙara itace a murhu ta hawo. Ɗakin ya riƙe ɗumi. Ta shafa katako, a bushe. Gobe Erasmo ba zai samu ko ɗigo ɗaya ba.

Kafintan ya kakkaɓe farar ƙura daga rigarsa ya ɗauki hula. Ya ce zai tafi gida, matarsa ba ta son ya makara.

Ta raka shi ta ƙofar baya kamar kowace yamma, ta sa shi a hanyar da ta zagaya rumbun itace. Ta ruga ciki, ta cire ƙyallen girki, ta gyara gashinta, ta buɗe ƙofar gaba daidai lokacin da ya iso. Wata takwas ke nan dabarar tana ci, tun da mijin nata ya fara mantuwa: in ya shigo ta ƙofar gaba, sai ya gane ta.

"Sannu da dawowa, Baldomero."

Ya dube ta, ya leƙa bayanta cikin gidan da ya gina da hannunsa, ya cire hula da ladabi.

"Uwargida, don Allah ko Orfelina tana ciki?"