Allon Mararraba

"Baba masassaƙi, an gyara maka ƙaryarka," in ji direban garinmu, yana dariya.

Ni na sassaƙa allon mararraba mai nuna hanyar garinmu. Tun da 'yata ta bar gida tana cewa mun yi nisa da duniya, duk shekarar da na sabunta fenti sai in rage kilomita ɗaya, ko za ta ga gida ya matso. Bana uku na rubuta.

Na hau keke na je. An soke ukun da gawayi, an mayar da taran gaskiya. Tara ce mai wutsiyar biri, irin wadda na koya wa 'yata tana ƙarama.

Na zauna a gindin allon, ban goge ba.