Mai Kallon Ƙasa

"Koci, ka yi haƙuri, mai kallon ƙasa zan yi," in ji ɗalibin, ana jajibirin gasar motsa jiki ta rataya a sandar ƙarfe.

Abin ya ɗaure wa Koci kai. Rataya iri biyu ce a jikin ƙarfe, mutum ya miƙe sambal a kwance cikin iska kamar katako. Mai kallon sama ta fi wuya, ta fi maki, kuma saurayin nan yana da ƙarfin ɗaukar kofi da ita. Mai kallon ƙasa kuwa kafaɗa take ci a banza. To me ya gani a ƙasan, ban da katifa da gumin mutane?

Koci ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya tambaye shi ko allura ya yar. Da abin ya ƙi, ya bi shi gida, tunda gani ya kori ji.

An kafa ƙarfe daga bango zuwa bango, daidai saman gado. A gadon wani dattijo ne kwance rigingine, shanyewar jiki ta bar masa idanu kawai.

"Baba ne ya fara ɗora ni a ƙarfe," in ji saurayin. Ya kama, ya juya, ya miƙe, fuskarsa na kallon ta mahaifinsa.

Dattijon ya karkata ƙwayar idonsa hagu. Nan take ɗan ya gyara ƙugunsa na hagu.

"In na kalli sama, Koci, silin zan gani," ya ce yana haki. "Baba kuma silin nan yake kallo tun safe."